Kafin Ka Bari a Sauke Injin Motar Nan

Zuru,
Jihar Kebbi.

Zuwa ga ɗana Ishaku,

Ina gaishe ka da gaisuwar uwa, a cikin sunan Ubangijinmu mai jinƙai. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Ladi da ɗan baƙon da take ɗauke da shi. Allah ya tsare fitarku da shigarku a Wasagu, ya sa ruwan garin ya karɓe ku, ya ba ka farin jini wurin manoman da aka tura ka yi wa aiki. Amin.

Ba labarin gida zan ba ka ba. Kowa lafiya, wannan ya ishe ka. Zancen motarka ne ya hana ni sakat. Ranar da kuka tashi, kana ɗaure katifa a saman mota, na ji kana gaya wa babanka cewa tun da ka saye ta take shan mai kamar ana zuba ruwa a rairayi, kuma wani makanike ya ce ringi ne ya mutu, sai an sauke inji. Babanka ya gyaɗa kai ya ce to a sauke mana. Ni na yi shiru, domin gidan cike yake da 'yan rakiya, kuma ba a gyara wa magidanci zance a gaban matarsa. Amma tun da kuka sha kwana nake juya maganar a raina. Ladi ta yi nauyi. Idan haihuwa ta zo da gardama, Allah ya kiyaye, Zuru za ka kawo ta. Ba na so ranar nan ta same ka injinka yana zube cikin kwanuka a garejin wani, kai kuma kana tsaye bakin hanya kana neman mai kabu-kabun da zai ɗauki mace mai naƙuda. Na so in kira ka a waya, amma an ce a Wasagu sai mutum ya hau tudu yake samun sabis, kuma abin da ke bakina ya fi ƙarfin katin waya. Don haka ka nemi inuwa ka zauna.

Kana makaranta a Sakkwato lokacin da na yi nawa karatun a kan mota, shi ya sa ba ka san yadda aka yi ba, kai dai ka dawo hutu ka tarar uwarka tana riƙe da sitiyari. Babanka ne ya sayo farar motar nan mai dogon baya, 'yar Kwatano, wadda ta gama shan duniya a ƙasar Turawa kafin ta zo hannunmu. Ya saye ta ne saboda ya gaji da ganina ina wuni a kasuwar Dirin Daji da buhunan dawa, ina jiran a-kori-kurar da za ta kwaso ni. Ya koya mini tuƙi a filin ƙwallon firamare, yara suna bina da ihu. Ban gama sanin inda ribas yake ba sai ga takarda ta zo, an tura bataliyarsu Laberiya. A lokacin wayar hannu ba ta iso Zuru ba. Ranar da zai tafi ya miƙo mini makulli ya ce, "Hannatu, ki ba ta mai, ki ba ta ruwa, kada ki dame ta, ita ma ba za ta dame ki ba." Iyakar ilimin da ya bar mini ke nan.

Tafiyata ta farko zuwa Dirin Daji, idona ya fi zama a kan allurar mai fiye da kan hanya. Daga cike zuwa rabi, allurar nan takan sauka a hankali kamar tsohuwa tana saukowa daga dutse. Daga rabi kuwa sai ta gangara kamar an turo ta. Na tsorata. Na koma sayen mai kaɗan-kaɗan, nan galan, can rabin galan, duk inda na ga allura ta motsa. Ina ta faɗa wa mutane motar nan tana sha, tana sha. Rannan na shiga shagon Obinna, mai sayar da kayan mota a bakin tasha, wanda ka san ya fi wasu 'yan gari daɗewa a Zuru. Na kai masa kukana. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To Mama, na ji tana sha. Tana sha nawa?"

Ni da ba a taɓa cutata a mudu ba, ni da nake sanin buhun da aka rage wa hatsi tun daga yadda ya zauna a ƙasa, ga shi na yi makonni ina ƙarar mota ban taɓa auna ta ba. Abin ya ba ni dariya, ya kuma ba ni kunya.

Ka fara daga nan, ɗana. Allura ba mudu ba ce. Ka cika tanki har wuya, ka rubuta lambobin nan da ke ƙirga tafiya, ka yi zirga-zirgarka yadda ka saba, sannan ka koma famfon da ka sha da farko ka sake cikawa har wuya. Abin da ya shiga shi ne abin da ta sha, lambobin kuma su gaya maka nisan da ta kai ka da shi. Ka maimaita, don tafiya ɗaya ba ta isa shaida. Sannan ka tambayi masu irin motarka nawa tasu take sha a wannan hanyar, ba a titin Abuja ba. Wani lokaci motar lafiyarta ƙalau, mai ita ne bai saba da ciyar da mota ba. Kai da ka taso daga babur, kowace mota za ta yi maka kama da rijiya.

Ni dai da na auna, sai ta tabbata ba tsoro ba ne kawai. Obinna ya duba abin da na kawo masa ya kaɗa kai ya ce irin wannan motar bai kamata ta sha haka ba ko da giwa na ɗauko.

Daga nan na yi wauta ta biyu, na mai da motar abin hira. Ranar Lahadi bayan sujada, maza suka kewaye ta a ƙofar coci, kowa ya zama likita. Wannan ya ce kabireta, wancan ya ce filogi, wani ya ce ai duk motar Kwatano haka take sai ta saba da man Nijeriya. Wani tsohon soja abokin babanka ya ce in rage iskar tayoyi, wai ta fi daɗin tafiya a hanyar gargada. Na bi shawararsa, na rage. Washegari na kai ta wurin wani makanike da aka yaba mini. Mutumin nan bai tayar da ita ba, bai tambaye ni komai ba. Ya buɗe bonet, ya sa sukundireba ya matse wani ɗan ƙarfe a jikin kabireta, ya canza filogi, ya canza matatar mai, ya rufe. Ya ce, "Madam, yanzu ko warin mai ta ji sai ta kai ki Kontagora."

Ranar kasuwa muka tafi Dirin Daji da Saratu, ƙawata ta zumuntar mata, wadda muke haɗa jari da ita. Zuwa dai an je, motar tana tari tana shessheƙa. A dawowa, da buhuna a baya, muka iso wani hawa mai tsawo. Muna tsakiyar hawan ta yi tari biyu ta mutu. Sai na ji muna komawa baya a hankali. Na danne birki da dukan ƙarfina, na ce, "Saratu, dutse! Sa dutse!" Ta yi tsalle ta fita, zaninta a hannu, ta tura dutse a bayan taya. Da ta dawo tana haki, ta leƙa allura ta ce, "Maman Ishaku, ke kika ce mai ba ya isa. To ga mai nan cike, ga mu kuma a tsaye. Wanne kika fi so?"

Wasu mata ne da ke dawowa daga gona suka ajiye kayansu suka tura mu har kan tudu, suna yi mana dariya da yaren C'lela, suna zaton ba ma ji. Na amsa musu, dariyar ta ƙaru.

Abin da mutumin nan ya yi bai warkar da motar ba, yunwa ya sa mata. Idan yaro yana ci ba ya ƙoshi, ba a ɗaure masa baki, ana neman abin da ke cinye abincin a cikinsa ne. Sannan ya canza abubuwa da yawa a rana ɗaya, har ban san wanne ya taimaka ba, wanne ya ɓata. Ka taɓa abu ɗaya, ka auna, sannan ka taɓa na gaba. Kuma duk makaniken da ya faɗi ciwon mota kafin ya ji kukanta, ka yi masa godiya ka ja abarka.

Obinna ne ya tura ni wurin Malam Garba, dattijon nan mutumin Argungu mai gareji a ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Shi ya tayar da motar, ya tsaya yana saurare, ya zagaya baya ya tsuguna yana kallon salansa. Ya mai da ƙarfen nan na kabireta inda yake da. Sannan ya kwance filogi ɗaya ya miƙo mini a tafin hannunsa. Ka tuna sababbi ne, ba su daɗe a ciki ba.

Ya ce da harshensa na Kabawa, "Maman Ishaku, duba nan. Mi kig gani?"

Na ce, "Baƙi."

"Shafa ki ji."

Na shafa. Baƙin busasshe ne, ya kama mini yatsa kamar na gindin tukunya.

Ya ce, "To. Da da maiƙo kika ji shi, da sai mu ce baƙin mai ke hawowa, mu fara zancen ringi. Wanga kuwa fetur ya yi yawa, iska ya yi kaɗan."

Ishaku, a nan ne kaina ya buɗe. Na ce a raina ashe murhu ne! Kowace mace ta san idan aka cusa itace aka toshe wa wuta hanyar iska, hayaƙi za a samu, tukunya ta yi baƙi, itace ya ƙare, tuwo bai nuna ba. Tun daga wannan rana na daina jin tsoron abin da ke ƙarƙashin bonet. Na tambaye shi ta ina iskan ke shiga. Ya nuna mini wani faifan ƙarfe a saman inji, mai kama da murfin babbar tukunya. Daidai nan aka kira azahar, kuma yana da jana'iza bayan salla, ya ce in dawo gobe mu buɗe.

Ban iya jiran gobe ba. Ina isa gida na faka a inda na saba, kusa da ɗakin da muke tara hatsi, na bari ta huce, na kwance kusar da ke tsakiyar faifan da hannuna. Da na ɗaga murfin sai na ja da baya. Ɓera ya yi gida a ciki. Ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, zaren buhu, har da wani yanki na tsohon zanina da na daɗe ina nema, duk an jera su tsaf a kewayen matatar iska, ita kanta matatar ta toshe da jar ƙasa har ba a gane launinta. Na daɗe a tsaye ina mamakin ɓeran nan. Ta ina ya shiga? Da muna tafiya yana ciki, ko yakan sauka ya jira mu dawo? Na bi bututun da hannu har na gano ƙofarsa a can gaba, kusa da fitila. Har yau ina tunanin ko ya taɓa zuwa Dirin Daji.

Da na kai wa Malam Garba gidan ɓera a cikin leda, ya yi dariya har ya cire hula. Muka sa sabuwar matata. Ya kalli tayoyina ya ce wa ya ba ni wannan shawara, ya tura ni wurin mai faci a mai da iskar da na rage. Ya ce taya mai laushi kamar tafiya ce cikin yashi, ƙafa tana aiki amma hanya ba ta raguwa.

Kai ma ka buɗe taka matatar ka ɗaga ta ga rana. Idan haske bai ratsa ta ba, iska ma da ƙyar yake ratsawa. Aikinka na ƙauyuka ne, kullum cikin ƙura da taki da iri, kuma na san ka da barin buhu a but ɗin mota. Ka duba iskar taya da safe kafin ta yi zafi. Ka kuma riƙa leƙa ƙarƙashin mota kafin ka tayar da ita, ka shinshina. Idan akwai ɗigo a ƙasa ko warin fetur, to ba sha take yi ba, zubarwa take yi, kuma wannan ya wuce zancen asara, zancen gobara ne.

Ba da daɗewa ba aka shiga wahalar mai, gidajen mai suka ɗaure bakin famfo. Na sayi jarka wurin 'yan bumburutu a bakin hanya ban duba ba. Motar ta koma tari, ƙarfinta ya ragu, tana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Ashe an sirka shi da kananzir. Malam Garba ya koya mini in ɗiga kaɗan a bayan hannu. Fetur na gaskiya yakan bushe nan da nan ya bar sanyi, mai sirki kuwa yakan bar maiƙo da warin fitila. A Wasagu na san dole wani lokaci ka sha na jarka. Ka sami mutum ɗaya mai tsoron Allah ka riƙe shi, kuma kada ka auna shan motarka da irin wannan man, don zai sa ka zargi inji a kan laifin da ba nasa ba.

Bayan duk wannan na sake aunawa. Ta rage sha sosai, amma ba ta kai inda Obinna ya ce ya kamata ta kai ba. Saratu ta ce in gode wa Allah in bar ta haka. Na gode masa, amma ban iya bari ba. Abin ya zame mini kamar ƙaya a tafin ƙafa. Akwai wani abu da na daɗe ina lura da shi ban ba shi muhimmanci ba. A 'yar gangaren nan ta ƙofar gidanmu, motar maƙwabcinmu takan silalo da kanta har bakin titi. Tawa kuwa ko na cire giya sai ta ɗan matsa ta tsaya, kamar wani ya riƙe mata zani ta baya. Na ɗauka nauyin jikinta ne. Na gani da idona, na kuma ba kaina amsa ba tare da na bincika ba. Wannan ya jawo mini watanni ina ƙona mai a banza.

Damina ta sauka. Muka tafi wajen Ribah sayen masara, ni da Saratu. Akwai wani rafi da ya ratsa hanya, ruwan bai kai gwiwa ba. Na shiga a hankali na fita, sai Saratu ta ce in tsaya ta wanke ƙafarta. Ina kashe mota na ji wani sauti daga baya, cuuu, irin na ruwa idan ya zuba a kaskon tuya. Na fita. Tayar baya ta hannun hagu tana fitar da tururi. Na zagaya na duba sauran ukun, a jiƙe suke kawai, shiru.

Na ce, "Saratu, zo ki ga wani abu. Ruwa ɗaya suka shiga, me ya sa wannan kaɗai take tafasa?"

Ta ce, "Ni dai na san ƙafar da ke zafi ita ce mai ciwo."

Sai na kai yatsuna na taɓa ƙarfen. Kada ka yi wannan. Na yi kwanaki ban iya tuƙa tuwo da hannun dama ba. Ka kusantar da bayan hannunka kawai, zafin zai same ka tun kafin ka taɓa.

Washegari Malam Garba ya ɗaga bayan motar da jak. Ya juya tayar dama, ta yi ta juyawa abinta. Ya kama ta hagu da hannu biyu, da ƙyar ta motsa. Ashe wayar birkin hannu ce ta yi tsatsa a cikin kubenta, idan na ja takan kama, idan na saki ba ta saki duka. Tun ranar da aka sayo motar nan take tafiya da birki a ƙafa ɗaya. Duk hawan da muka yi, duk buhunan da ta ɗauka, da wannan ɗaurin ta yi su. Sai da na ji tausayinta.

Na je sayen sabuwar waya wurin Obinna, na tambaye shi yadda aka yi ƙarfe ya yi irin wannan tsatsa a motar da jikinta ke sheƙi. Ya ce, "Mama, gishiri ne." Na ce gishirin me? Ya ce a ƙasar da motar ta fito, idan sanyi ya yi ruwa yakan daskare a kan titi, sai hukuma ta bi tana watsa gishiri don ya narke. Gishirin nan shi ke cin ƙarƙashin mota. Na ce ya daina yi mini wasa. Ya rantse. Gishiri, Ishaku, wanda muke auna wa miya da ɗan yatsa, shi ake watsawa a hanya da babbar mota! Na yi kwana da kwanaki ina ba mutane wannan labari. Taka ma daga can ta fito. Fentin sama ba ya gaya maka komai, ka sa a ɗaga ta ka shiga ƙarƙashi da idonka, a juya kowace taya kana kallo.

Ranar da aka sa wayar, na saki motar a gangaren ƙofar gida, ta silale har bakin titi ba tare da na taɓa totur ba. Na auna a tafiya ta gaba, ta faɗo daidai inda ake so. Ba a kwance ko kusa ɗaya a cikin injin nan ba, kuma shi ne har yau yake kai ni kasuwa.

Na san taka ba irin tawa ba ce. Taka injekta ce, ba ta da kabireta, an ce wata 'yar na'ura ce a ciki take raba mata mai. Ban san cikinta ba, ba kuma zan yi maka ƙaryar sani ba. Amma na je na tambayi Obinna saboda kai. Ya ce ka lura da allurar zafi. Wai akwai wani ɗan ƙarfe mai tsare ruwan lagireto har inji ya ɗumama, makanikanmu suna son cire shi su jefar, wai ƙasarmu da zafi. Idan aka cire, injin ba ya kai zafin da yake so, na'urar sai ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara mai. Ya ce kuma idan ka murɗa makulli kafin ka tayar, ka duba ko fitilar nan mai hoton inji tana kamawa tare da sauran. Idan ba ta kamawa sam, wataƙila wani ya cire ƙwanta don kada ta tona asiri. Wannan ya ba ni mamaki ƙwarai, motar da ke da bakin faɗin ciwonta, a toshe mata baki.

Shi kuma mai cewa ringi, ka yi masa tambaya cikin ladabi. Baƙin mai yana raguwa? Hayaƙin salansa shuɗi ne ko baƙi? Filogi da maiƙo ko a bushe? Idan baƙin mai yana nan inda yake, hayaƙi ba shuɗi ba, to da wace hujja za a sauke inji? Mai yiwuwa ne yana da gaskiya, ban ce ba shi da ita ba. Idan ta tabbata, ka kawo Ladi nan gida tukuna, sannan a sauke. Amma a fara da abin da ido ke gani da abin da hannu ke kaiwa. Kuma don Allah duk abin da ka gano ka rubuto mini dalla-dalla. Idan an cire wani abu, ka ajiye mini shi in gani. Ina so in san yadda na'urar nan take sanin safiya ta yi.

Saura abu ɗaya, shi ne wanda ya fi wuyar faɗa.

Da babanka ya dawo daga Laberiya, na ba shi makullinsa, na koma kujerar gefe kamar yadda ya kamata. Ba a jima ba ya shigo yana ɓata rai ya ce, "Hannatu, motar nan da kike ta yabo, ai shan mai take yi kamar tankar yaƙi." Na yi mamaki. Na duba matata, na duba tayoyi, na shinshina ƙarƙashi, komai lafiya. Sai na ce ya kai ni Dirin Daji ranar kasuwa. A hanya ban kalli allura ba, ƙafarsa na kalla. Da safe ya tayar da ita ya yi ta zuga totur a tsaye, wai tana ɗumama. A kan hanya yakan taka ta kamar ana binsa, ya iso bakin rami ya danne birki, ya sake takawa. Yakan bar ta a ƙaramar giya tana kuka. Da muka tsaya gaisawa da wani abokinsa, inji yana aiki har suka gama zancen duk wanda ya mutu da wanda ya yi ritaya.

Da muka dawo gida ya ce, "To, kin gano ciwon?"

Na ce, "Na gano."

"Mene ne?"

Na ce, "Yana sanye da takalminka na dama."

Ya tsuke fuska ya shige ɗaki. Amma ranar kasuwa ta gaba, da muka fito, sai ya zagaya ya buɗe ƙofar gefe ya zauna, ya ce shi yau ƙafarsa tana ciwo.

Ishaku, wurinsa ka koyi tuƙi, kuma na ga yadda ka fita daga ƙofar gidan nan da katifa a sama da mace mai ciki a gefe. Kafin ka zargi ringi, ka sa Ladi ta zauna kusa da kai ta kalli ƙafarka daga Wasagu zuwa Ribah, kuma abin da ta faɗa ka karɓa ba gardama.

Babanka yana zaune a nan kusa da ni, na karanta masa wannan wurin. Ya ce in rubuta maka cewa sharri nake yi masa, ƙafarsa da gaske ciwo take yi. Na rubuta. Shekara da shekaru ke nan ba ta warke ba, kuma ranar kasuwa kawai take tashi.

Ubangiji ya kiyaye ka a kan hawa da gangara, ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin dare, ya riƙe sitiyarin tare da kai. Ya sauki Ladi lafiya, ya ba mu ganin juna da murna. Ka gaishe ta da kyau, ka ce ta rage ɗaukar ruwa.

Ni ce mahaifiyarka,
Hannatu.